Kotu Ta Ce A Koma A Sake Dubawa: Abin Da Nakasasshe Ke Samu Idan Ya Kai Gwamnatin Amurka Ƙara



A kowace shekara mutum fiye da dubu goma a Amurka suna kai gwamnatin ƙasarsu ƙara gaban kotun tarayya, saboda hukumar fansho da tallafin jama'a, wadda suke kira Soshal Sikiyuriti, ta ce ba su cancanci kuɗin nakasa ba. Yawan ƙararrakin bai ba mu mamaki ba, ƙasa ce mai mutane sama da miliyan 330. Yadda suke ƙarewa ne ya tsayar da mu. Alƙaluman da hukumar da kanta take fitarwa sun nuna cewa a 'yan shekarun nan, wajen kashi 60 cikin 100 na waɗannan shari'o'i kotu mayar mata da su take yi, ta ce hukuncinki bai tsaya da ƙafarsa ba, koma ki sake. Waɗanda alƙali ke cewa a biya mai ƙara nan take ba sa wuce ɗaya ko biyu cikin ɗari. Ragowar kuwa, ko hukuma ta yi nasara, ko a kori ƙarar.

Ke nan mafi yawan waɗanda ake taya murnar sun ci shari'a, dama ta biyu ce suka samu, kuɗi bai shiga hannunsu ba tukuna. Wannan dama tana da daraja, tana kuma da tsada, kuma tsadar a kan marar lafiya take sauka. Maganar ta shafe mu ta fuska biyu. Akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu a Bronx da Harlem da sauran unguwannin Niyok, masu tuƙa tasi da masu gadi da masu kula da tsofaffi a gidaje, waɗanda ake cire musu wannan haraji, kuma gidaje da yawa a nan da aikensu suke cin tuwo. Sannan ɗalibanmu masu karatun shari'a suna da abin nazari a tambayar da ke ƙarƙashin lamarin: idan ma'aikacin gwamnati ya ce wa talaka a'a, wa zai tambaye shi dalili?

Shugaba Roosevelt ne ya sa wa dokar hannu ranar 14 ga Agusta 1935, domin fanshon tsufa. A 1956 aka ƙara inshorar nakasa. Ma'aikaci yana biyan kashi 6.2 cikin 100 na albashinsa, ubangidansa ya biya wani 6.2, mai sana'ar kansa kuwa shi zai biya duka biyun. Wanda ya haura shekara 31 galibi sai ya yi aikin da aka biya wa haraji na shekara biyar cikin goman da suka gabaci ciwonsa kafin inshorar ta rufe shi, don haka mai aikin a-biya-ka-a-hannu ba tare da takarda ba yana wajen rumfar. Akwai tsari na biyu da ya fara aiki a 1974, wanda ake kira SSI, na matalauta tsofaffi da makafi da nakasassu ko da ba su taɓa biyan haraji ba. Mafi yawan abin da gwamnatin tarayya ke ba mutum ɗaya a cikinsa a 2025 shi ne dala 967 a wata. A kuɗinmu ya haura sefa dubu 500, sai a ji kamar dukiya, amma a Niyok da ƙyar zai biya hayar ɗaki. Dokar 1996 ta kuma taƙaita shi ƙwarai ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba.

Nakasa a wannan doka ma'anarta ƙunci gare ta. Dole ciwon ya hana mutum yin aikin samun kuɗi na a-zo-a-gani, kuma ya kasance zai kai wata 12 ko ya kai ga ajali. Hukumar tana bin matakai biyar. Ana duba ko mutum yana aiki yanzu, da ko ciwon mai tsanani ne, da ko yana cikin jerin cututtukan da aka riga aka yarda suna nakasarwa. Idan ba ya ciki sai a auna ƙarfin da ya rage masa, a ga ko zai iya komawa tsohon aikinsa. Idan ba zai iya ba, sai mataki na biyar, inda nauyin kawo hujja ke komawa kan hukuma: ta nuna akwai wani aiki da zai iya, wanda ake da shi da yawa a faɗin ƙasar. Dokar ta faɗa a fili cewa babu ruwanta da ko aikin yana garinsu, ko akwai gurbi, ko za a ɗauke shi in ya nema. A wannan mataki na biyar ne rigima mai yawa take.

Kafin a kai kotu akwai tsani mai hawa huɗu a cikin hukumar. Ana fara yanke hukunci a ofis, a bisa takardu, kuma wajen mutum shida cikin goma ake hanawa. Sai neman a sake dubawa, inda kaɗan ne ke dacewa. Sai zama gaban alƙalin hukuma, wanda shi ne karo na farko da mai yanke hukunci zai ji mai nema da kunnensa, kuma a nan kusan rabi ke samu. Gani ya kori ji. Sai majalisar ɗaukaka ƙara ta hukumar, wadda mafi yawan lokaci cewa take ba ta ga abin gyara ba. Kowane hawa yana da wa'adin kwana 60. Wanda ya gama da su yana da wasu kwana 60 na shigar da ƙara a kotun tarayya.

To, me alƙalin tarayya yake da ikon yi? Ba ya kiran likita, ba ya sauraron shaidu, ba ya ganin gurguntar mai ƙara. Fayil ake aza masa, wani lokaci shafi dubu ko fiye, ya amsa tambaya biyu: an bi doka? Kuma akwai hujja mai makama da ta tallafi hukuncin? Ma'aunin hujjar nan ba mai tsauri ba ne. Kotun ƙoli ta bayyana a shari'ar Perales a 1971 cewa ya isa a ce hujja ce da mai hankali zai iya gamsuwa da ita. Ko da alƙali yana ganin da shi ne da ya ba wannan bawan Allah kuɗin, idan hukuncin hukuma yana da madogara, dole ya bar shi. Wannan ne ya sa kashi 60 ɗin da muka ambata ya zama abin dubawa. Ma'aunin da aka sassauta wa hukuma ne, amma duk da haka fiye da rabin hukunce-hukuncen da suka iso kotu ba sa haye shi. Gaskiya ne waɗanda ke isowa zaɓaɓɓu ne, domin lauya ba ya ɗaukar shari'ar da bai ga alamar nasara a cikinta ba. Gaskiya ne kuma cewa da yawa daga cikinsu lauyoyin gwamnati ne da kansu ke karanta fayil, su ga ba zai karu ba, su roƙi kotu ta mayar musu da shi.

Abin da ke ƙarfafa hannun kotu wata ƙa'ida ce da ta samo asali daga shari'ar Chenery ta 1943: ana auna hukuncin hukuma ne da dalilin da ta rubuta a lokacin da ta yanke shi. Lauyan gwamnati ba zai zo daga baya ya ɗinka masa sabon dalili ba, ko da dalilin mai kyau ne. Alƙalan kotun ɗaukaka ƙara da ke Chicago sun shahara da cewa dole alƙalin hukuma ya gina gada tsakanin hujjar da ke gabansa da sakamakon da ya kai, yadda mai karatu zai bi sawunsa. Galibin shari'o'in da ake mayarwa a nan suke faɗuwa. Likita ya rubuta cewa matar nan ba za ta iya zama fiye da awa biyu ba, alƙalin hukuma ya tsallake bai ce komai ba. Mutum ya ce maganinsa yana sa shi barci da rana, hukunci ya fito ba a ambaci maganar ba. Kotu ba ta cewa matar nakasasshiya ce. Cewa take ba a gaya mana me ya sa aka ƙi maganar likitanta ba.

Mayarwar iri biyu ce, kuma lauyoyi suna kiransu da lambar jimlar da suka fito a cikin sashe na 405(g) na dokar. A mayarwar jimla ta huɗu, kotu ta sami kuskure, ta soke hukuncin, ta rufe shari'ar a wurinta. A ta jimla ta shida, kotu ba ta ce an yi kuskure ba, sabuwar hujja ce mai muhimmanci ta ɓullo, da uzuri karɓaɓɓe na rashin kawo ta tun farko, ko kuma hukuma ce ta nemi a mayar mata kafin ta ba da amsa. A nan kotu tana riƙe da igiyar shari'ar har a dawo mata da sakamako. Kotun ƙoli ta daidaita wannan rabe-rabe a shari'ar Melkonyan a 1991 da ta Schaefer a 1993. Ta farkon ce ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Mu ɗan zauna a kan mataki na biyar, domin a nan ne abin ya fi ban mamaki. Michael Biestek kafinta ne kuma leburan gini, ciwon ƙashin baya da ciwon hanta da ciwon damuwa suka kwantar da shi. A zaman da aka yi gaban alƙalin hukuma, an kira wata masaniyar sana'o'i, ta ce akwai ayyukan zaune da zai iya: masu harhaɗa kaya a kan teburi guraben 240,000 a ƙasar, masu tantance kaya 120,000. Lauyansa ya tambaye ta daga ina lissafin ya fito. Ta ce daga alƙaluman gwamnati da kuma binciken da ita ta yi wa masu hulɗa da ita. Ya ce a nuna. Ta ce sirri ne. Ya ce a goge sunaye a nuna. Alƙalin hukuma ya ce ba zai tilasta mata ba, ya kuma dogara da lissafin ya hana Biestek kuɗin shekarun da suka gabaci Mayun 2013, lokacin da ya cika shekara 50. Ranar 1 ga Afrilun 2019 kotun ƙoli, da rinjayen alƙalai shida kan uku, ta ce ƙin nuna takardun kaɗai ba ya rushe shaidar, sai a duba kowace shari'a da halinta. Mai shari'a Gorsuch, wanda ake lissafawa cikin masu ra'ayin riƙau, da mai shari'a Ginsburg, wadda take can ɗaya gefen, suka haɗu a kan ƙin yarda, suna cewa lissafin da ba a nuna tushensa ba, babu mai iya rantsuwa ba ƙago shi aka yi ba. Mu a ganinmu marasa rinjayen ne suka fi kusa da daidai. Wanda ya kawo adadi a gaban alƙali, kuma adadin ne zai hana wani abinci, ya kamata ya iya nuna inda ya ƙirga.

Littafin da waɗannan masana ke ɗauko sunayen ayyuka daga cikinsa kuwa, kundin sana'o'i ne na ma'aikatar ƙwadago wanda rabon da a sabunta shi tun 1991, wasu bayanansa ma tun 1977. A ƙarshen 2022 jaridar Washington Post ta bayyana yadda ake hana mutane tallafi da hujjar za su iya aikin tsince gyaɗa da danginta a masana'anta, ko rubuta adireshi a bayan ambulan da hannu ko da tafireta, ayyukan da na'ura ta daɗe da shanyewa. Ta ce hukumar ta kashe aƙalla dala miliyan 250 tun 2012 wajen haɗa sabon kundi, amma ba ta koma kansa ba. Alƙalan tarayya sun yi ta mayar da shari'o'i a kan wannan, suna tambaya a ina ake wannan aiki yau. Sai a Yunin 2024 hukumar ta daina kafa hujja da sana'o'i 114, cikinsu har da mai kiwon kanari, ta kuma ce wasu 13 sai da ƙarin bayani. Wannan amfanin mayarwa ne da ba a gani a shari'a guda: idan kotu ta yi ta dukan wuri ɗaya, wata rana hukuma takan gyara.

Yanzu tsadar. A 2024 hukuncin farko kaɗai yana ɗaukar wata bakwai ko fiye, kuma takardun da ke jiran sa sun haura miliyan ɗaya. A 2017 jiran zama gaban alƙalin hukuma ya kai kusan kwana 600, ko da yake ya ragu sosai daga baya. Idan aka haɗa hawa huɗun da zaman kotu, shekara uku ko huɗu ba abin mamaki ba ne. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2008 da 2019 kusan mutum 110,000 sun rasu suna jiran ƙarshen ɗaukaka ƙararsu, kuma tsakanin 2014 da 2019 wasu 48,000 sun shelanta karayar arziki. Wanda kotu ta mayar da shari'arsa kuma komawa yake cikin layi, galibi ma gaban alƙalin da ya hana shi da farko. Sai in an sake mayarwa ne ake sauya masa wani. Wani rahoton ofishin na 2007 ya gano cewa kashi biyu cikin uku na waɗanda aka mayar da shari'arsu daga ƙarshe an ba su. Ana biyansu bashin watannin baya a dunƙule. Amma gidan da aka kore su daga ciki saboda haya ba ya dawowa da wannan kuɗi.

Shari'ar Ricky Lee Smith ta isa misali. Ya nemi tallafi a 2012, alƙalin hukuma ya hana shi a 2014. Lauyansa ya ce ya aika wasiƙar ɗaukaka ƙara cikin wa'adi, hukuma ta ce ba ta gan ta ba, ta kori ƙarar a kan latti, sannan aka ce masa irin wannan kora kotu ma ba ta da hurumin dubawa. Sai a Mayun 2019 kotun ƙoli, baki ɗaya, ta ce kotu na da hurumi. Ta ƙara da cewa idan aka ga hukuma ta yi kuskure a kan lattin, abin da ya dace galibi shi ne a mayar mata ta duba asalin maganar ciwon. Shekara bakwai, kuma abin da ya samu shi ne izinin a bincika ko wasiƙa ta iso.

Masu kare hukumar suna da maganarsu, kuma ba ta banza ba ce. Dukiyar jama'a ce, kuma akwai masu wawurarta. A jihar Kentucky an yi wani lauya, Eric Conn, da ya haɗa baki da wani alƙalin hukuma da wasu likitoci, suna shirya takardun ƙarya, a zambar da aka ƙiyasta ta haura dala miliyan 550. Ya gudu, aka kamo shi a Honduras a ƙarshen 2017, aka ɗaure shi shekara 27 jimilla. Sai dai abin da hukumar ta yi wa mutanen da ya wakilta shi ne abin lura. Ta ce za ta sake duba cancantarsu, ta jefar da duk rahoton da ya fito daga likitocinsa, ba tare da ba su damar nuna cewa nasu rahoton gaskiya ne ba. Da yawansu talakawan yankin ma'adinan kwal ne masu ciwo na haƙiƙa, laifinsu kawai sun je wurin lauyan da ya fi kowa talla. A 2018 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Hicks, ta ce hakan ya saɓa wa haƙƙin a saurari mutum, aka mayar da shari'o'in. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan a cikin hukumar take, tunda alƙalinta ne ya karɓi cin hanci.

Ɗalibanmu da suka karanta Ahkamus Sulɗaniyya na Imam Mawardi, alƙalin Bagadaza da ya rasu a shekara ta 450 bayan hijira, wato 1058, za su tuna cewa a babin mazalim ya lissafa koken masu albashi daga baitulmali, galibi sojoji da ma'aikata, idan aka rage musu ko aka jinkirta. Maganin da ya bayar shi ne a koma ga diwani a ga abin da aka rubuta musu, a mayar da su kansa, abin da aka tauye a baya kuma a karɓo daga jami'in da ya ci, in bai ci ba a biya daga baitulmali. Jinkiri da kansa ya ƙirga shi cikin zalunci. Bambancin shi ne mai kula da mazalim ya haɗa kwarjinin sarauta da hukuncin alƙali, yana iya yankewa ya zartar a zama ɗaya. Alƙalin Amurka an ɗaure hannunsa da gangan, don kada kotu ta zama ita ce hukumar rabon tallafi. Akwai hikima a wannan ɗauri, domin alƙalai ɗaruruwa kowa da ma'auninsa ba za su iya raba wa miliyoyi daidai ba. Amma muna ganin ya kamata ɗaurin ya sami iyaka. Wasu kotunan yammacin ƙasar suna da ƙa'idar cewa idan fayil ya cika, kuma hukuma ta ƙi wata shaida ba da dalili ba, kuma karɓar shaidar zai wajabta biya, to kotu na iya cewa a biya kawai. Shari'ar Garrison ta 2014 ta fayyace ta. Da wuya ake amfani da ita. Shari'ar da aka mayar sau biyu, ta dawo da kuskure iri ɗaya, ba mu ga abin da mayarwa ta uku za ta ƙara ba illa watanni.

Ko a haka ma rabo ya danganta da gari. Binciken da malaman shari'a biyu, Gelbach da Marcus, suka yi a 2016 ya nuna tazarar yawan mayarwa tsakanin gundumomin kotu ta zarce ninki biyu, kotunan Niyok suna cikin masu yawan mayarwa, ta gabashin Arkansas cikin masu ƙaranci, alhali doka ɗaya ce. A Niyok ɗin ne kuma aka shigar da ƙarar taron dangi a 2011, shari'ar Padro, kan alƙalan hukuma biyar na ofishin Queens da aka zarga da tsangwamar masu nema, yankin da baƙi suka yi yawa. Aka yi sulhu a 2013, wajen mutum 4,000 suka sami damar sabon zama.

Hukuma kuma ba kullum take gyara hali ba idan ta sha kaye, wani lokaci ƙa'idar take sauyawa. Shekaru da dama akwai ƙa'idar fifita ra'ayin likitan da ke duba mutum a kai a kai, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma saɓa mata na cikin manyan dalilan mayar da shari'o'i. Ga buƙatun da aka shigar daga 27 ga Maris 2017, an soke wannan fifiko: likitanka da likitan hukuma da bai taɓa ganinka ba, da ma'auni ɗaya ake auna su. A Afrilun 2020 kuma aka cire rashin jin Ingilishi daga abubuwan da ake la'akari da su wajen auna ko mutum zai iya sauya sana'a. Wannan ya taɓa mutanenmu kai tsaye, musamman dattawan da suka je can da Hausa da Faransanci da Larabcin allo.

Abin da ke gaba ba ya nuna sauƙi. A Fabrairun 2025 hukumar ta sanar da shirin rage ma'aikata daga wajen 57,000 zuwa 50,000, a lokacin da masu karɓar kuɗi daga gare ta suka haura miliyan 70. Hukuncin da aka rubuta cikin gaggawa shi ne wanda ke tsallake rahoton likita, shi ne kuma wanda kotu ke mayarwa, ya dawo ya ƙara wa teburin da ya fito daga kansa nauyi. Wasu sun sa rai ga hukuncin Loper Bright na Yunin 2024, wanda ya rage wa hukumomi fifikon da kotuna ke ba fassararsu ta doka. Ba ma tsammanin zai sauya abu mai yawa a nan, domin rigimar nakasa galibi a kan hujja take, kuma ma'aunin hujjar yana rubuce a cikin dokar kanta. Mu da ke da CNSS a Nijar, da SSNIT a Gana, da CNPS a Kamaru, kuma mafi yawan mutanenmu manoma da 'yan kasuwa ba sa cikin ko ɗaya, abin da za mu ɗauka a nan ƙarami ne amma mai amfani: wanda aka hana haƙƙinsa ya nemi a ba shi dalili a rubuce, da kwanan wata, domin da takardar ake hawa mataki na gaba.

Ga 'yan'uwanmu da ke can, da iyalansu da ke karanta mu a nan, akwai abubuwan da ke kayar da mutum tun kafin a je kotu. Wa'adin kwana 60 ba wasa ba ne, kuma wanda ya bari ya wuce ya sake sabuwar buƙata yana iya rasa kuɗin watannin baya. Hukumar tana ba da tafinta kyauta ga wanda ya nema. Lauyoyin wannan fanni galibi ba sa karɓar ladan aiki sai an yi nasara, kuma a matakin hukuma rabonsu kashi 25 cikin 100 ne na bashin baya, wanda tun ƙarshen Nuwamban 2024 ba ya wuce dala 9,200 a yarjejeniyar da aka saba. Mai karɓar SSI da ya zo gida ganin dangi ya kwashe wata guda cur a wajen Amurka, kuɗin yana tsayawa, sai ya koma ya yi kwana 30 a jere kafin ya dawo.

Sai kuma wata ɗabi'a tamu mai kyau da ke zama hujja a kanmu a fayil. Bahaushe ko yana kwance ba ya iya juyi, ka ce masa yaya jiki, zai ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Haka yake faɗa wa likita. Likita ya rubuta cewa marar lafiya ya ce ya samu sauƙi. Bayan shekara biyu alƙalin hukuma ya tattara waɗannan layuka guda goma ya ce ga shaida daga bakinsa. Wani kuma ya haƙura da asibiti saboda tsada, ya koma kan jiƙo da man zafi da aka aiko masa daga gida, sai fayil ya nuna wata takwas babu ziyarar likita, a fassara shi da cewa ciwon bai dame shi ba. Malamai sun bambanta tsakanin kai kuka na rashin yarda da ƙaddara da bayyana wa likita abin da ke damun mutum, na biyun babu laifi a cikinsa. Mutum ya yi godiyarsa, sannan ya faɗi awa nawa yake iya tsayuwa, sau nawa ciwon ke tashinsa da dare, da ko a zaune yake sallah yanzu, ya kuma tabbata likita ya rubuta. Alƙalin tarayya da zai karanta fayil ɗin bayan shekara uku, abin da aka rubuta a ranar kaɗai zai gani.